Yadda Ake Gane Furannin Daji da Ke Fitowa Bayan Saukar Ruwa a Arewacin Kamaru da Chadi

Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Kuseri a watan Afrilu, sannan ya sake bin ta a watan Agusta, ya san cewa ƙasar da ya gani fayau babu ko tsinke tana ɗauke da iri a cikinta, ruwa kawai take jira. Mafi yawan tsirran da ke rufe jigawa da fako bayan saukar ruwa masu gajeren rai ne. Ƙwayarsu tana kwance cikin ƙasa wata da watanni, a can cikin hamada kuwa shekara da shekaru, kuma da yawa daga cikinsu ba sa tsirowa don yayyafi, sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai ya tausasa ɓawon ƙwayar. Da zarar sun tsiro sai su yi gaggawa, su yi ganye, su yi fure, su zuba iri cikin 'yan makonni kafin laima ta ƙare. Wannan gaggawar ce ke sa mai son saninsu dole ya shirya tun kafin damina, domin furen da bai duba ba a wannan mako wataƙila sai baɗi.

Matakin farko shi ne sanin lokacin fita, kuma lokacin ya danganta da inda mutum yake. A Marwa, inda ruwan shekara yake kai kimanin milimita 800, damina takan kankama tun watan Yuni. A Njamena ruwan yana tsakanin milimita 500 da 600, a Kanem da Batha kuwa sau da yawa sai Yuli ake samun ruwan kirki, yayin da a Faya, can cikin hamadar arewacin Chadi, abin da ke sauka a shekara bai kai milimita 20 ba, kuma akan yi shekaru ba a ga ko ɗigo ba. A ko'ina dai furannin ba sa fitowa a lokaci guda. Masu albasa a ƙarƙashin ƙasa su ne na farko, domin sun tara abincinsu tun bara, kuma cikin 'yan kwanaki bayan ruwan farko mai ƙarfi suke fitar da fure, wani lokaci ma kafin ganye. Masu tsirowa daga ƙwaya suna biyo baya da mako uku zuwa shida, sannan akwai waɗanda sai marka ta wuce, an doshi kaka, suke nuna kansu. A yini kuma, tsakanin fitowar rana da hantsi ne lokacin da ya fi dacewa, saboda furanni da yawa a wannan ƙasa tamu suna rufewa ko su yanƙwane da zarar rana ta take.

Kuskuren da kusan kowane sabon ɗalibi ke yi shi ne ya fara da launin fure. Launi yana ruɗi, musamman a nan inda rawaya ta mamaye daji: tsaida, tafasa, filasko, lalo, guna, duk furensu rawaya ne, alhali a cikinsu akwai abin miya, akwai maganin wankin ciki, akwai mai huda ƙafa. Shawarata ita ce a bar fure ya zama na kusan ƙarshe. A fara da ƙasar da tsiron yake kai, ko rairayi ce, ko laka mai tsagewa irin wadda ake dasa masakwa a kanta, ko bakin tafki, ko juji, ko gindin dutse. Daga nan a dubi tsayuwarsa, ko yana tsaye, ko yana shimfiɗe a ƙasa, ko yana yaɗo yana kama wani. Sai a koma ga ganye, wanda shi ne shaida mafi ƙarfi idan an cire 'ya'ya: shin ganye ɗaya ne sukutum, ko kuwa ƙananan ganyaye ne jere a kan tsinke guda? Suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can? Bakinsu a zagaye yake ko da tsini? A murza ganye ɗaya a sansana, a karya ɗan reshe a ga ko farin ruwa mai kama da nono zai fito. Bayan an gama wannan duka ne za a ƙirga kunnuwan furen, wato ƙananan ganyayen nan masu launi, a kuma lura ko a rarrabe suke ko sun haɗe sun zama bututu.

Bari mu gwada wannan tsari a kan masu rawaya, tunda su ne suka fi yawa kuma suka fi rikitarwa. Idan tsiron yana shimfiɗe a kan rairayi ko a bakin hanya, rassansa sun bazu daga tsakiya zuwa kowace kusurwa, ganyensa ƙanana jere masu laushin gashi, suna fitowa biyu-biyu amma ɗaya ya fi ɗayan tsawo, furen kuma ƙarami mai kunnuwa biyar yana zaune shi kaɗai, to tsaida ce, wadda masana ke kira Tribulus terrestris. Tana cikin masu saurin fure, domin takan yi shi cikin mako uku zuwa huɗu da tsirowa. Tabbacinta yana ga ɗanta, wanda ke rabewa gida biyar, kowane gida da ƙayoyi masu ƙarfi. Makiyaya suna kula da ita, saboda tumakin da suka ci ta da yawa tana sabuwar tsirowa, musamman idan ta yi yaushi bayan ɗaukewar ruwa, fuskarsu takan kumbura.

Tafasa da rai ɗore da filasko dangin juna ne, furensu ya yi kama sosai, kuma nan ne ya kamata a natsu. Ganyen tafasa ƙananan ganyaye shida ne, uku a kowane gefe, masu faɗi da zagayayyen baki, suna naɗewa idan yamma ta yi. Kwansonta siriri ne, dogo, mai ɗan lanƙwasa. Ita ce ake yin kwaɗo da ita, kuma a gabashin Chadi da Sudan ganyenta ake dakawa a zuba a tukunya a binne ya ruɓa a samu kawal da ake sa wa miya. Rai ɗore ya fi ta yawan ganyaye a kan tsinke, bakinsu da tsini, idan an murza kuma warinsu ba daɗi; kwansonsa ya fi faɗi, ɗanyen 'ya'yansa kuwa guba ne ga dabbobi da yara. Filasko gajere ne, ya fi son wuri mai bushewa, saboda haka yana ƙaruwa yayin da mutum ke yin arewa zuwa Kanem da Bahar el-Gazal. Launin ganyensa ya karkata zuwa toka-toka, furanninsa suna jere a kan kara ɗaya, kuma kwansonsa gajere ne, shafaffe, a lanƙwashe, da wani tudun layi a tsakiyarsa. Wanda ya tsinko filasko a matsayin tafasa zai kwana yana zarya, domin maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, kuma ga ƙaramin yaro ko mace mai ciki wannan ba abin wasa ba ne.

Haka nan guna da kwartowa. Dukansu suna yaɗo a kan rairayi, da ganye mai tsage-tsage da fure rawaya mai kunnuwa biyar. Guna tana tsirowa daga ƙwaya kowace shekara, ganyenta ya fi girma da laushi, ɗanta ma ya fi girma. Kwartowa kuwa tana da saiwa mai kauri da ke rayuwa shekaru, ganyenta ƙarami ne mai kaushi ƙwarai, ɗanta bai wuce girman lemu ba, kore mai zane-zane wanda ke komawa rawaya idan ya bushe. Ɗacinta ba ya misaltuwa, kuma naman cikinta guba ne mai yanka hanji. Gaskiya ne cewa Tubawa a arewacin Chadi suna cin ƙwayoyinta, amma sai bayan doguwar sarrafawa da ke fitar da ɗacin, ilimin da suka gada ne, ba abin da baƙo zai kwaikwaya ba.

Wannan ya kawo mu ga ƙa'idar da ba na son a sassauta: ba a gane tsiro da ɗanɗano. Harshe ba ya cikin kayan aikin mai binciken furanni, kuma duk tsiron da ya fitar da farin ruwa a wanke hannu bayan an taɓa shi, kada a kai ido. Tumfafiya ita ce misalin da kowa ya sani, da furenta fari mai shunayya a baki, kuma ruwanta yana iya lahanta gani. Ita da ƙariya, mai kumburarren gindi da jan fure mai haske da ake gani a duwatsun Mandara, ba sa cikin masu jiran ruwa. Ƙariya ma a tsakiyar rani ta fi yin fure, lokacin da ba ta da ganye.

Fararen furanni masu albasa su ne, a ganina, mafi kyau a duk abin da ruwan farko ke fitarwa, kuma su ne aka fi rasa gani. Akwai wanda ake kira hatsin manoma, Pancratium a wurin masana, mai siraran ganye da ke fitowa daga rairayi. Furensa yana da dogon wuya, da siraran kunnuwa shida, da wani ɗan ƙoƙo fari a tsakiya. Yana buɗewa da magariba, ya yi ƙamshi cikin dare, kafin hantsin gobe ya sunkuya, saboda haka mai son ganinsa sai ya je wajen faɗuwar rana ko da sassafe a kwanakin da suka biyo bayan ruwan shuka. Albasar kwaɗi ta bambanta da shi ta wurin zama da kuma girma: tana son kwari da bakin fadama inda ruwa ke kwanciya, ganyenta mai faɗi ne, furanninta manya, farare da jan layi a tsakiyar kowane kunne, suna taruwa a kan kara mai kauri. Sunan albasa kada ya yaudari kowa, ba a cin ko ɗaya daga cikinsu.

Sauran farare ba su da wuyar ganewa. Gasaya tana da ganye mai yatsu biyar, da wari mai ƙarfi, da kunnuwan fure huɗu da duk suka karkata sama, ga wasu dogayen zare da ke fitowa daga tsakiya. Tana son bayan gari da tsohon garke, kuma ganyenta abinci ne. Zaƙami shi ma ɗan juji ne, amma furensa babba ne mai siffar kakaki, ɗansa zagayayye mai ƙaya, kuma duk jikinsa guba ne mai juya hankali. A tafkunan da damina ke cikawa da kuma filayen ambaliyar kogin Logon akwai bado, wanda farinsa ke buɗewa da dare ya rufe da hantsi, mai shuɗi-shuɗi kuma yake buɗewa da rana.

Shuɗin fure ba shi da yawa a wannan yanki, don haka idan an ga ƙarami mai shuɗi garau a inuwar bishiya ko a gefen gona, sau da yawa balasaya ce. Karanta mai ruwa ne, gaɓa-gaɓa, yana kafa saiwa duk inda gaɓa ta taɓa ƙasa. Furen yana leƙowa daga cikin wani naɗaɗɗen ganye, manyan kunnuwa biyu a sama da ƙarami ɗaya a ƙasa wanda da ƙyar ake ganinsa, kuma kafin azahar ya narke.

Masu ruwan hoda da shunayya sun fi buƙatar bayani. Karkashi da riɗin barewa duka dangin riɗi ne, furensu bututu ne mai leɓe a ƙasa, yana rataye daga hammatar ganye. Karkashi yakan kwanta ko ya ɗan miƙe, furensa ruwan hoda mai haske da layuka masu duhu a leɓen, kwansonsa kuma yana da ƙananan ƙahoni a gefen kansa; idan aka murza ganyensa da ɗigon ruwa, yauƙi zai fito nan take. Riɗin barewa yana tsaye ƙyam a kan jigawa, ganyayensa na ƙasa sun rabu zuwa siraran yatsu, furensa ya fi ja, kwansonsa dogo mai tsinin baki, ƙwayarsa kuma tana da 'yan fukafukai da iska ke ɗauka. Duman kada yana yaɗo a bakin tafki da yashin kogi, da zagayayyen ganye da babban fure shunayya mai buɗaɗɗen baki, kuma yana sa dabbobin da suka ci shi rawar jiki da tangaɗi. Sai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Furensa yana da kyau har mutum ya so tsinkowa ya kai gida, amma ba za a same shi ba sai kusa da gero ko dawa ko wata ciyawa danginsu, domin saiwarsa tana maƙale a tasu tana tsotsar abincinsu. Ganyensa siriri ne mai kaushi, yana fure a ƙarshen damina, kuma idan aka tsinke shi ya bushe yakan yi baƙi. Tsiro ɗaya yana zuba dubban ƙwayoyi ƙanana kamar ƙura, masu iya rayuwa fiye da shekara 10 a cikin ƙasa, shi ya sa wanda ya gane shi a gona ya kamata ya tumɓuke shi ya ƙone kafin ya yi iri.

Idan aka wuce iyakar da ƙarangiya ke tsayawa aka shiga hamada sosai, wato Borku da Ennedi da Tibesti, lissafin yana sauyawa. A can tsiro ba ya bazuwa ko'ina, yana bin kwaruruka da gindin duwatsu inda ruwan da ya gangaro ya nutse, kuma fure yana bin ruwa ne ba kalanda ba: idan aka yi ruwa mai yawa a Agusta, ana iya samun kore har cikin sanyin hunturu. Sanannen tsiron irin wannan shekara shi ne Schouwia, wanda Larabawa makiyaya ke kira jirjir. Ganyensa babba ne mai kauri da ruwa, gindin ganyen yana rungume da kara, furensa shunayya mai kunnuwa huɗu a gicciye, ɗansa kuma shafaffe ne zagayayye da tsini a ka. Raƙuman da ke kiwo a cikinsa sukan daɗe ba su nemi rijiya ba, amma farar hamada mai cinye amfanin gona ma tana hayayyafa a cikinsa, saboda haka ganin sa da yawa labari ne da ya shafi manoman kudu. Akwai kuma ɗan tsiron da Larabawa ke kira kaffu Maryam, wanda furensa fari ne ƙanƙani da ba a cika lura da shi ba. An fi gane shi bayan ya mutu, lokacin da rassansa ke dunƙulewa su riƙe ƙwaya, sai ruwa ya taɓa su su buɗe su sake ta. Wani lokaci kuma mutum zai ga kara mai kauri ya ɓullo daga yashi, cike da furanni rawaya, babu koren ganye ko ɗaya a jikinsa. Wannan Cistanche ne, kuma rashin ganyen ya nuna cewa a saiwar wata bishiya ko ciyawa da ke kusa yake ci.

Tafiya neman furanni a waɗannan wurare tana da haɗarin da ya kamata a faɗa ƙarara. Kwarin da ya fi kowane wuri fure shi ne wanda ruwa ke bi, kuma ambaliya tana iya isowa daga ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa alhali sama tana garau a inda mutum yake; ambaliyar da ta auka wa Tibesti a watan Agustan 2024 ta hallaka mutane da dama. Kada a kwana a tsakiyar kwari. A wasu sassan arewacin Chadi har yanzu akwai nakiyoyin da aka binne tun yaƙe-yaƙen baya, don haka ba a barin hanya sai da ɗan gari. A ko'ina kuma a sa rufaffen takalmi, a ɗaga yaɗo da sanda kafin a kai hannu, domin kububuwa da kunama suna son inuwarsa. A wuraren da aka keɓe, irin su gandun Waza ko Wadi Rime-Wadi Ashim, a tsaya ga kallo da hoto kawai.

Game da hoto, ɗaya ba ya isa. A ɗauki tsiron gaba ɗaya da ƙasar da ke kewaye da shi, a ɗauki ganye ta sama da ta ƙasa, a ɗauki furen ta fuska da ta gefe, a ɗauki ɗansa idan akwai, a kuma ajiye tsabar sefa ko biro a gefe don a san girma. Manhajojin waya irin su PlantNet da iNaturalist suna taimakawa wajen nuna dangin da tsiro ya fito, amma hotunan tsirran yankinmu ba su da yawa a cikinsu idan aka kwatanta da na Turai, shi ya sa sukan ba da sunan wani ɗan uwansa na wata nahiya. A ɗauki amsarsu a matsayin zato, kada a ci wani abu ko a ba dabba saboda waya ta ce.

Waɗanda suka fi waya sani suna nan kusa: matan da ke tsinkar ganyen miya, da makiyaya Fulani da Larabawan Shuwa da Gorane, da tsofaffin manoma. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar tana da ladabi. A gaida mutum, a nuna masa tsiron a inda yake tsaye maimakon a tsinko ganye ɗaya, a ce, “Baba, me kuke kiran wannan, kuma wace dabba ce ke cin sa?” ko “Inna, ana sa wannan a miya?” Amsar tambaya ta biyu takan fi ta farko amfani, domin suna yana sauyawa daga gari zuwa gari, suna ɗaya yana iya hawa kan tsirrai biyu, amma abin da akuya ke ci da abin da take gudu ba ya sauyawa. A rubuta sunan da harshen da aka faɗe shi, da garin da aka ji shi.

Idan bayan duk wannan tsiro ya gagara, to a busar da samfurinsa, muddin akwai irinsa da yawa a wurin. A yanko reshe mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora abu mai nauyi, a riƙa sauya takardar kullum domin laimar damina tana sa fumfuna cikin kwana biyu. A rubuta ranar, da wurin, da irin ƙasar, da launin furen tun yana ɗanye, saboda shuɗi da ruwan hoda suna gushewa idan sun bushe. A sa alama a gindin tsiron da dutse, a komo bayan mako biyu a ɗauki ɗansa, domin da kwanso ko ƙwaya ne masana ke raba dangin da suka yi kama. Ana iya kai irin wannan samfuri makarantar horar da ma'aikatan gandun daji da ke Garwa, ko cibiyar binciken dabbobi ta Farsha a Njamena, inda ake ajiye busassun tsirran yankin da za a gwada shi da su.